Fararen Mutane a Fadamar Tungar Maliki

Ranar Asabar da hantsi Ɗayyaba mai shara ta faɗo ɗakin gwaji ba ko sallama, ta ce buhu ɗaya ya ɓace daga rumfar baya.

Sunana Muhyiddeen. A shekara ta biyu ta korona ina cikin mutum shida da ke gwajin cutar a wani ɗaki da aka keɓe mana a kusurwar wani asibiti a Birnin Kebbi. Duk wanda zai shiga wurin aikin sai ya sa farar riga mai haɗe da wando da hula, ya ɗaura takunkumi, ya sa safar hannu biyu biyu. In ya fito ya tuɓe su a tsanake, a cusa a buhu, a ɗaure, a kai wata rumfar kwano da ke bayan ginin kafin a ƙone. Buhun da ya ɓace na ranar Alhamis ne, kuma a ranar kwalbar samfuri ta fashe mana a kan teburi. Riguna goma sha ɗaya ne a ciki da tarin safar da muka goge wurin da su. Mutumin da aka ɗebo samfurin daga maƙogwaronsa kuwa bai kai Juma'a ba.

Shugabarmu, Dakta Zakiyya, mace ce da ban taɓa ganin ta ruɗe ba. Ranar sai da ta nemi kujera ta zauna.

"Duk wanda ya kwance buhun nan," in ji ta, "sai abin da Allah ya yi. A nemo shi kafin a kwance."

Ni kuwa na fi kowa tsorata, don akwai abin da na sani. A ƙofar rumfar nan akwai allon gargaɗi ruwan ɗorawa mai zanen ƙahoni uku da suka sarƙe da juna, alamar da ke cewa kowa ya yi nesa. Ranar Alhamis aka ce manyan baƙi za su zo duba mu da safen Juma'a, ga shi allon ƙofar gaba ya koɗe. Sai na ɗauki guduma na ɓanɓaro na rumfar na kafa a gaba, da niyyar in mayar idan sun tafi. Baƙin suka zo, suka yaba, suka tafi, ni kuma na manta. Buhunan masu alama sun daɗe da ƙarewa, baƙar leda muke amfani da ita irin ta kowace shara. Wato babu abin da ya rage a jikin kayan nan da zai gaya wa mutum cewa mutuwa ce a ciki, kuma ni na cire na ƙarshen.

Ban faɗa wa kowa ba.

Kafin azahar magana ta zagaye asibitin. Masu jinya suka riƙa kallon junansu, mai sayar da shayi na bakin ƙofa ya kwashe kofunansa ya tafi. 'Yan sanda suka zo suka tsaya can nesa kamar rumfar za ta yi cizo, suka kama Riskuwa maigadi saboda shi ne ya fi kusa da hannu. Riskuwa yana rantsuwa yana cewa masallacin Juma'a kawai ya je ya dawo. Shi ne ya roƙi Dakta a kira Labbo.

*

Labbo tsohon mai bin sawu ne, wanda a da Fulani ke ɗauka in an kore musu shanu. Ɗan siriri ne, idonsa ɗaya ya yi fari, ya zo da sanda da takalmin taya. Na miƙa masa takunkumi, ya juya shi gaba da baya, ya ɗaura a haɓa kamar mai ciwon haƙori. Da ƙyar na sa ya ja shi kan hanci.

"Kowa shi tsaya inda shike," ya ce. "Kun tattake mini rabin maganar."

Ya durƙusa a bayan rumfar, wajen wata ƙaramar ƙofa da 'yan kabu-kabu ke bi su kai kifi gidajen ma'aikata duk Juma'a. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya tsinci dunƙulen laka baƙa ya murza, ya shinshina ta cikin takunkumin, ya nuna mini ƙaiƙayin shinkafa da ɓawon kifi a ciki.

"Mashin guda, mutum guda. Tayar baya da faci, ga shi nan shina buga hatimi. Lakar ga ta fadama ta, ba ta cikin gari ba." Ya matsa gaba kaɗan. "Likita, zo ka gani. Ɓarawo da yatsu shika tahiya. Wanga da dugadugai yat taka. Nan yat tsaya, yaɗ ɗaure kaya da roba, ga guntun da yay yanke. Har rake yash sha, ga tuka. Wanda yaɗ ɗauki buhun ga bai san sata shikai ba."

"Ni ba likita ba ne, Baba."

"Kowa na sa hwarin kaya likita na."

Sai ya miƙe ya tsaya a gaban ƙofar rumfar. Rana ta cinye fentin ƙofar duka, sai wani murabba'i a tsakiya da ya rage da sabon launinsa, da ramukan ƙusa huɗu. Ya sa ɗan yatsa a ɗaya, garin katako ya zubo fari tas.

"Mi ad da nan?"

"Wani allo ne," na ce.

"Wa yac cire shi?"

"Ban sani ba."

Ya ƙura mini lafiyayyen idon nan nasa. Ya bi facin tayar har bakin kwalta, ya nuna inda ya karkata ya hau hanyar Argungu.

*

Kafin mu tafi 'yan sanda suka ce lallai a fara da Ɗayyaba, wai wata maƙwabciyarta a Badariya ta ga shuɗayen takunkumai a kan igiyar shanyarta. Muka je. Ɗayyaba ta fashe da kuka tun kafin a tambaye ta, ta shiga ɗaki ta fito da kwali.

"Sababbi na, wallahi! Guda biyar niɗ ɗauka ma maigida, hakin numfashi gare shi. Wankewa nika yi shi koma sawa. Ni da nika share wurin kullum, ni za ni kawo buhun ga cikin ɗiyana?"

Labbo ko kwalin bai kalla ba. Ya dubi ƙofar gidan, ya ce rabon da mashin ya tsaya a nan an yi kwana uku. Muka bar ta tana share hawaye, mun ci mata mutunci a banza a gaban unguwa.

Motar ɗaukar samfuri muka shiga, ni ke tuƙi. A Ambursa wani mai faci ya ce ai kuwa ya ga mutum da farar riga irin tamu a cikin fadama da safe. Muka bar motar muka taka kusan rabin awa a kan kunyar gonaki, rana tana dukan kanmu, muka tarar da wani ƙato da tankin feshi a baya, sanye da farin kaya tun daga kai har ƙafa. Da ya hango alamar asibiti da ke jikin rigata sai ya jefar da tankin ya zura da gudu. Da aka lallaso shi, ashe rigar tasa ce, ya saye ta a shagon maganin gona tun bara, gwiwoyinta duk faci. Mun ɓata awa biyu.

A mota na kasa haƙuri. "Baba, kowane minti wani yana iya kwance buhun nan."

"An kwance shi tun jiya," in ji Labbo. "Wa ka ɗauko kaya daga Birni shi aje su shina kallo? Yanzu hannun da yat taɓa muka biɗa."

Muka ci gaba zuwa Argungu. Ina tuƙi ina ganin mutane a gefen hanya, mata da tallan albasa, tsofaffi a gindin bishiya, kowanne na kalla sai in ce ko shi ne.

*

A tashar 'yan kabu-kabu ta Argungu Labbo ya hana ni fitowa, ya ce motata kaɗai ta isa ta rufe bakin gari. Ya cire takunkumin ya cusa a aljihu, abin da ya sa na ji kamar in yi ihu, ya je ya tsuguna wurin mai rake. Ina hango shi yana bin tayoyin baya da ido ɗaya bayan ɗaya, yana hira kamar wanda ba shi da aikin yi. Bayan la'asar ya dawo.

"Kun aika mutanenku Gulma?"

"Ba mu aika kowa ko'ina ba."

"To, ana hwaɗin mutanen korona sun sauka fadamar Tungar Maliki, gaba da Gulma kaɗan. Tun sahe anka gan su tsaye cikin shinkahwa, hwarare, sun buɗe hannuwa. Ba su magana, ba su zama. Mata sun ƙi zuwa ɗiban ruwa. Wasu na cewa allura sunka zo yi da ƙarhi, wasu na cewa ba mutane na ba."

Na yi karatun kimiyya shekara biyar, amma a wannan lokacin ban san abin da zan tarar ba, kuma ban so in je ba.

Muka tsallake gada muka bi hanyar ƙasa. Lokacin shinkafar rani ta fara nuna, lokacin da tsuntsayen jan-baki ke saukowa dubu dubu su cinye gona kafin mai ita ya gama alwala. Daga kan tudu muka hango su, kamar hayaƙi suna murɗawa a sama. Muka kuma hango fararen. Na ƙirga goma sha ɗaya, a jere cikin koren fadama, iska tana kumbura su tana saki. Ɗaya ya juyo da kansa wajenmu a hankali. Na taka birki ban san na taka ba.

Labbo ba su yake kallo ba, tsuntsayen yake kallo.

"Dubi, likita. Ko'ina suna sauka ban da gonar ga. Mutum ba shi yini cikin ranar ga ba inuwa ba ruwa. Mutum-mutumi na."

Sai da ya faɗa na gani. An cusa wa rigunanmu ciyawa, an soke su a kan sanduna, an ɗaura musu takunkumi a fuskar tsumma. Na fi minti ɗaya kaina a kan sitiyari. Tsoron aljanu ya tafi, wanda ya fi shi ya zo, don kowace riga a nan sai da wani ya warware ta, ya zura hannu cikinta har kafaɗa.

Na sa cikakken kayan kariya, na tilasta wa Labbo ya sa safa da takunkumi, na ce kada ya taɓa komai. Muka shiga gonar. A bakin kunya ya nuna mini facin tayar nan, sak irin na bayan rumfarmu. Da muka isa ga na farko sai na ga abin da ya fi komai muni. An yi wa kowane mutum-mutumi hannaye da safarmu. An hura su sun kumbura, yatsu biyar a miƙe, an ɗaure bakin kowace da zare.

Ga abin da wanda ba ma'aikaci ba bai sani ba. In muka zo cire safa, juyo ta muke yi, gefen da ya taɓa cuta ya koma ciki, mai tsabta ya dawo waje. Wanda ya tsince ta zai ga abu fes. In ya kafa baki ya hura don yatsun su fito, iskar za ta dawo masa da duk abin da ke ciki. Safa ashirin da biyu, kowace an sa mata baki.

Labbo ya sunkuya ya ƙura wa ɗaurin ido, ya zagaya na biyu, ya zagaya na uku.

"Gobe da sahe a tara mini masu gonar ga," ya ce.

*

Mai unguwar Tungar Maliki ya tara mutane a gindin wata tsamiya da hantsin Lahadi. Na roƙa a zauna nesa da juna, ban sha wahala ba, don ganina cikin farin kaya ya sa kowa yana neman bayan ɗan'uwansa. Dakta Zakiyya ta turo mota da ma'aikata biyu, sun tsaya can bakin hanya. Mutum uku aka zaunar a gaba: Ikrama, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da wurin, Sunusi mai gadin injin ban-ruwa, da Ɗanjuma ɗan kabu-kabu, wanda gonar ta gidansu ce. Kowa ya san abin da ake tsoro. Duk wanda aka ce ya taɓa kayan, motar nan za ta tafi da shi wurin killacewa a Birni, kuma a ƙauyen an yi imani ba a dawowa.

Ikrama ya ce shi da ya gan su ma gudu ya yi, har ya bar takalmi. Sunusi ya ce ranar Juma'a da yamma ya ji ƙarar mashin, amma bai leƙa ba. Ɗanjuma ya ce gonar tasu ce, amma bai san wanda ya kafa su ba, wataƙila wani ne ke son ya jawo masa bala'i.

Labbo ya ce a turo mashinan garin. Guda huɗu ne. Ya sa aka gangara da kowanne a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na uku ya bar hatimin faci, kowa ya gani, kuma kowa ya san mai shi.

Ɗanjuma ya sunkuyar da kai. Saurayi ne da bai wuce talatin ba.

"Ni na," ya ce. "Kihi nik kai gidajen ma'aikata. Tsuntsaye sun kusa gama muna gona, shinkahwar ga ita ɗai muka da ita. Nig ga hwarin kaya na leƙowa ta bakin leda."

Wani daga baya ya ce, "Ɓarawo! Ka kwaso muna cuta!" Wasu suka ɗauka. Ɗanjuma ya ɗago, idonsa jajir.

"Ban yi boko ba, amma na san alamar ga mai ƙaho ukku. Shekara guda ina bin ƙohwar nan, ko kusa ban zuwa, numfashi nika riƙewa in wuce. Ran Juma'a nit tarar an cire ta. Ledar ma baƙa ta, ba alama. Nic ce cutar ta ƙare, shara ta anka aje. Da allon na nan, wallahi ko da kuɗi ba ni taɓawa."

Mai unguwa ya juyo gare ni. "Malam, da gaske akwai allo?"

A cikin hular nan babu mai ganin fuskata sai idanu. Labbo yana tsaye gefena, na ji ya juyo. Da na buɗe baki na faɗi kalma uku, ni na cire, da zancen ya canza. Na tuna aikina, na tuna 'yan sanda, na tuna yadda taron nan zai juyo kaina.

"Za a bincika," na ce.

Aka ci gaba da zagin Ɗanjuma. Labbo ya buga sandarsa a ƙasa.

"Wa yat taya ka?"

"Ba kowa. Ni ɗai nic cusa ciyawa, ni nih hura safar, ni niɗ ɗaure. Ku tahi da ni."

"Buɗe bakinka."

Ɗanjuma ya yi turus, sannan ya buɗe. Haƙoransa farare tas.

"Kana cin goro?"

"A'a."

"Bakin kowace safa da jan goro, har da huren taba," in ji Labbo. "Ashirin da biyu, na duba su dut. Zaren kuma ba na kanti na ba, na kaɗi na, da mazari anka murza shi. Ɗaurin na mata na, irin na bakin ƙullin daddawa. Kai ka kahwa sanduna, ban musu ba. Amma wadda tah hura tsohuwa ta, kuma numfashinta gajere na, don ba ta cika ko guda ba sai da tas sake kama baki sau biyu. Ɗana, in ka ɓoye ta, ba ka cece ta ba."

Ɗanjuma ya rufe fuska da hannu biyu ya fashe da kuka kamar yaro.

Daga cikin mata wata 'yar tsohuwa ta miƙe tana dafa gwiwa. Leɓɓanta ja, zanenta ya koɗe. Ita ce Inna Kulsumi, mahaifiyarsa.

"Ku bar zagin ɗana," ta ce. "Ni nic ce mutum-mutumi ba hannu ba shi korar tsuntsu. Ni nih hura. Sababbi na gani, hwarare ƙal." Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Kai kuma ɗan nan, kana tsaye kamar guda daga cikinsu. Mi za a yi mini?"

Matan da ke kusa da ita suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Ta waiga ta ga an bar ta ita kaɗai a kan tabarma, sai a lokacin na ga tsoro ya shiga idonta.

*

Muka ƙone rigunan da safar a bakin fadama da man fetur. Kafin hayaƙin ya lafa jan-baki sun sauka a gonar, babu wanda ya kore su. Aka saki Riskuwa da yamma. Labbo ya ƙi shiga motarmu, ya ce zai hau kabu-kabu. Da zai tafi ya matso kusa da ni.

"Ni sawu nika bi, likita. Na kai ka inda yaƙ ƙare. Inda yaf fara kai ka sani."

Aka killace Ɗanjuma da mahaifiyarsa. Gwajin farko ya nuna ba su da komai, har na yi sujada a bayan ɗakin gwaji. Dakta ta ce a jira, cutar ba ta nuna kanta da wuri. Kwana biyar ina zuwa aiki ba na iya cin abinci. A rana ta shida aka kawo sabon samfuri, aka ce tsohuwar ta fara zazzaɓi. Ni na karɓi kwalbar, ni na sa ta a na'ura, na zauna ina kallon allon kwamfuta ina addu'ar layin ya kwanta. Na Ɗanjuma ya kwanta. Nata ya ɗaga kai ya yi ta hawa.

Ta yi kwana tara. Ma'aikatan jinya sun ce ba ta da rigima, abu ɗaya kawai take maimaitawa, a gaya wa mutanen Tunga ɗanta ba ɓarawo ba ne. Ran Talata da hantsi ta cika.

Bayan an yi mata sutura na tarar da Ɗanjuma zaune a kan dakalin bakin ƙofar asibiti, ya rame, an sallame shi amma ya kasa tafiya. Da ya gan ni sai ya zame ya durƙusa.

"Malam, ka yahe mini. Na ɗauki kayanku, na kashe uwata da hannuna. Ko gida ban iya komawa."

Na ce ya tashi, ya ƙi. Sai na tsuguna a gabansa na faɗa masa duka: baƙin da aka ce za su zo, gudumar, ƙusoshi huɗu, da mantuwar da na yi. Na ce na rubuta wa Dakta takarda da safen nan, kuma zan je Tungar Maliki in faɗa a gaban mai unguwa. Na zaci zai shaƙe ni, kuma da ya yi da na ji sauƙi.

Ya ɗago ya dube ni.

"Kai na cikin hwarin kayan, ran da mai unguwa yat tambaya?"

"Ni ne."

"Kana tsaye anka ce mini ɓarawo gabanta."

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwoyinsa.

"Ciwon daga Allah na, Malam, wanga na bar ma Shi. Amma kwana tara tana roƙon a wanke ni, kai kuma kana nan bayan katanga da maganar a bakinka." Ya goge ido da bakin riga. "Ka tahi Tunga ka hwaɗa musu. Ita dai ba ta ji."